Kyamarori Uku a Ƙarƙashin Gadon Malam Hamidu

Dangora,
Afrilu, 1956.

Zuwa ga jikana Ɗanasabe ɗan Uba, mai ɗaukar hoto a Riruwai.

Gaisuwa mai yawa, tare da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, in ka yi. Ni dai da sauƙi. Ƙafafun ne suka ƙi. Daga ɗaki zuwa zaure sai na huta a hanya, masallaci kuwa sai ranar da suka ga dama.

Wataƙila ba ka tuna ni ba. Ni ne Hamidu, ƙanen kakanka Maikano. Rabona da kai tun ranar da aka ɗora mini kai a cinya a Badafi ka jiƙa mini sabuwar riga. Idi falke, wanda zai miƙa maka wannan takarda, shi ya ce ya gan ka a kasuwar Tudun Wada, ka cusa kai cikin baƙin ƙyalle a bayan wani akwatin katako, mutane sun yi layi. Na yi murna ƙwarai, don ban zaci akwai wani a danginmu da ya san daɗin wannan abu ba sai ni.

Ni ma ina da kyamara, har uku. Babbar wani Baturen safiyo ne ya bar mini, wanda na yi wa aikin awo daga Kiru har duwatsun Doguwa ina saurayi. Tana da fata mai miƙewa kamar zugazugin maƙeri, da ido mai zoben tagulla. Ta biyun a gwanjo na same ta a Kano. Ta ukun ƙarama ce, baƙa, daga wani kanti a Fagge. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Kowace Juma'a nakan fito da su, in goge, in shafa musu mai, in mayar. Ko ƙwarzane babu a jikinsu. Abin da aka fara koya mana ke nan a makaranta: kayan aiki a tsabtace shi, a mayar da shi mazauninsa. Ban taɓa ɗaukar hoto da su ba. Fim sai Kano, kuma kullum ina ganin abu mai kyau haka ba a taɓa shi a banza, sai ranar da ta cancanta. Taubashiyata Saude, wadda ke kawo mini tuwo tun rasuwar matata Luba, cewa take yi, "Mutum da idanu uku a ƙarƙashin gado, ko ɗaya bai taɓa ganin komai ba."

To, ranar ta zo. 'Yata Suwaiba, gwaggonka, ta bi mijinta hanyar Makka ta ƙasa tun kafin yaƙi. Suka tsaya a Sudan suna noman auduga, ba su dawo ba. Ƙanen mijinta, Alhaji Balarabe, ya zo ganin gida, zai koma da zarar an gama girbi. Ta ba shi saƙo da baki: 'ya'yanta ba su san fuskar kakansu ba, ita ma in ta rufe ido ta fara rasa ta. Tana son hotona.

Ba zan iya zuwa Kano ba, mota za ta ƙarasa ni. Ka zo da fim ka ɗauke ni da babbar. Akwatin katakon nan naka ka bar shi can, ba na son Suwaiba ta ga ubanta ta cikin aikin kafinta.

Allah Ya yi maka albarka.
Kakanka, Hamidu.

*

Riruwai,
Mayu, 1956.

Zuwa ga Kaka Hamidu, tsohon da ya ƙi tafiya.

Bayan gaisuwa da fatan ƙafafu sun yi sauƙi. Ina lafiya, iyali kuwa tukuna. Rigar nan da gangan na jiƙa ta, don ka ƙwace mini matata Luba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Wallahi sai a takardarka na ji.

Ka raina akwatina, Kaka. Gaskiya ne kafinta ya haɗa shi a Jos. Ƙafa ɗaya ɗaure take da robar taya, ƙyallen ma tsohon wandona ne. Amma zo ka gani ranar da aka biya 'yan kuza. Lebura zai ari kwat da agogo, ya zauna ya ƙame kamar an dasa shi, in cire marfin ido in mayar, in wanke hoton nan cikin akwatin, kafin ya tuɓe kwat ɗin ya karɓi abinsa ya aika wa uwarsa a Damagaram. Kafin la'asar hannuna ya gaji. Naka fa, wa suka taɓa aika wa?

Kyamarar da ba ta ɗauka gawa ce, kai kuma ka yi musu kabari da akwatin ƙarfe kana kai ziyara ranar Juma'a. Ka aiko mini ɗaya ta sha iska. In rowa ta hana ka, ba komai, zan jira gado. Sai dai ka hanzarta, ina da buƙata.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba. Ruwa ya sauka, rafukan nan ba sa barin keke ya wuce, balle da kaya. Sai damina ta ja baya. Kafin nan ka samu wanzami ya gyara maka gemu, kada mu firgita yaran Sudan.

Ka gaishe da Iya Saude.
Jikanka, Ɗanasabe.

*

Dangora,
Agusta, 1956.

Ɗanasabe,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na yi zazzaɓi a farkon damina, ya kwantar da ni, amma na tashi. Ba shi ya hana ni amsa maka ba.

Takardarka ce ta hana ni. Na karanta inda ka ce in hanzarta, na ninke ta na sa a ƙarƙashin tabarma. Mutumin da ke kwana shi kaɗai, yana jin numfashinsa yana ƙara gajarta, in aka ce masa ya hanzarta, ba dariya ke fara zuwa masa ba. Idi ya zo ya tafi, ya sake zuwa ya tafi, yana tambaya ko akwai saƙo, ina cewa babu.

Shekaranjiya Saude ta matsa mini, na karanta mata, don ita ba ta san boko ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Kai Hamidu, boko ya cinye maka kai. Jikanka ne fa! In jika bai yi maka fatan mutuwa ba wa zai yi maka? Kai da ka sace wa naka kakan sanda ka bar shi a bakin rijiya yana zagi?" Na ce a baki daban, ana ganin haƙoran mai magana. A takarda ba a gani. Ta ce to in zana masa haƙora a gefe in huta.

Ta fi ni gaskiya. Na daɗe ba wanda ya yi mini wasan jika, har na manta yadda yake.

Don ka san ba rowa ba ce, ga babbar nan na ba Idi. Na naɗe ta a zanen Luba, na sa a kwando da ƙaiƙayi. Ka saba da ita kafin ka zo, kada ka yi koyo a kaina. Ga yadda ake kula da ita: kowace Juma'a ka sami man shanu mai kyau, na Fulani, ba na kasuwa ba, ka shafa wa fatar da yatsa har cikin lanƙwasa, kamar yadda ake yi wa gafaka ko sirdi. Ka ɗan ɗiga kaɗan a wuraren da ƙarfe ke motsi. Haka nake yi mata tun ranar da ta shigo hannuna, za ka ga yadda take sheƙi.

Gero ya fara fitar da kai. Alhaji Balarabe ya ce da ya sa dawarsa a rumbun ɗan'uwansa zai kama hanya. Kada ka manta da abin da ke gabanmu.

Kakanka, Hamidu.

*

Dangora,
Oktoba, 1956.

Ɗanasabe,

Ina gaishe ka. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka faɗa ba. Ni ina nan. Yanzu a zaure nake yini, an shimfiɗa mini buzu kusa da ƙofa inda nake ganin hanyar kasuwa.

Idi ya rantse mini a hannunka ya sa kwandon, har ka ba shi goro. Tun daga nan shiru. Duk ranar da ya dawo daga Tudun Wada ina hango jakunansa tun daga gindin kuka, in gyara zama. Yakan ɗaga mini hannu ya girgiza kai tun daga nesa, don kada in wahala da tambaya.

Ranar Juma'a in na buɗe akwati sai in ga gurbin babbar kyamarar. Tsatsa ta zana siffarta a gindin akwatin. Sauran biyun na gama da su tun kafin rana ta yi zafi, sai in zauna.

Ba na son in sake yi maka mummunar fahimta, sau ɗaya ya isa. Amma tsoho in ya yini shi kaɗai, zuciyarsa ba ta rasa abin faɗa masa. Tana ce mini yaro ya sami abin da ya nema. Saude ta ce in rufe mata baki da tuwo.

In ka sayar da ita, ka faɗa mini, ba zan kai ƙara ko'ina ba. In ta ɓace, ka faɗa mini. Kyamarar ba ita ce ta fi damuna ba yanzu. An yanke gero, an fara karya dawa. Jiya Alhaji Balarabe ya zo gaishe ni, ya ce, "Baba Malam, me zan ce wa Suwaiba?" Na ce ya ce mata ana hanya. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Ni da shi mun san in ya tafi ba zai sake dawowa ya same ni ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Hamidu.

*

Riruwai,
Nuwamba, 1956.

Zuwa ga Kaka Hamidu.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya. Yau babu wasa a takardar nan, ba sai an zana haƙora ba.

Ban sayar ba, ba ta ɓace ba. Tana gabana yanzu a kan zanen Iya Luba. Rasa yadda zan faɗa maka na yi.

Kaka, kyamarar ba ta aiki. Da na buɗe ta wari ya fara buguna, irin na tsohuwar ƙwaryar mai. Man shanun ya bi ta fata ya gangara cikin ƙananan ƙarafan da ke ƙifta idon, ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙaro. Na danna, ko motsi. Fatar daga waje tana sheƙi yadda ka ce, amma cikin lanƙwasa ta ruɓe. Na ɗaga ta a rana, haske na shiga ta ko'ina kamar rariya. Na kai ta har Jos wurin maigidana da ya koya mini aiki. Ya shinshina, ya ce, "Wannan miya aka so a yi da ita?" Da na ba shi labarinka sai ya daina dariya. Ya ce da ana danna ta kullum, da ƙarafan sun ture man da kansu. Kwanciyar ce ta ba shi dama.

Ga kuma matsala ta biyu. A watan Agusta akwatina ya faɗo daga keke a mashigin rafi, idonsa ya tsage. Duk wanda na ɗauka sai wani layi ya raba masa fuska. 'Yan kuza suna karɓa a haka in na rage musu, amma ba zan aika wa Gwaggo Suwaiba ubanta a tsage ba. Na nemi wani idon a Jos ban samu ba.

Saura hanya ɗaya. Idon taka lafiyarsa lau. Na wanke gilashin, ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Akwatina ba ya buƙatar abin ƙiftawa, hannuna ne ke cire marfi ya mayar. In na ɗora masa idon nan zai ɗauke ka tsaf. Sai dai zoben tagullar ya ci jikin kyamarar, sai an yanke shi da zarto. In na yanke ba za ta koma yadda take ba har abada, rami ne zai rage a gabanta.

Zarton na nan, na aro. Ba zan sa mata shi ba sai ka ce. Na roƙi Idi ya juyo da amsarka ba tare da ya jira kasuwa ba.

Jikanka, Ɗanasabe.

*

Dangora,
Nuwamba, 1956.

Ɗanasabe,

Lafiya lau, alhamdu lillahi. Idi na tsaye a kaina, don haka ba zan tsawaita ba.

Da na karanta takardarka na jawo sauran biyun na kai hanci. Warin na nan. Hancina ne ya saba. Na danna su, abin da ban taɓa yarda na yi da ƙarfi ba. Shiru.

Saude ta same ni a haka, na faɗa mata. Na jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Can ta ce, "Da man nan a miyarka na zuba shi, da ka fi haka ƙiba." Sai ta zauna tare da ni har azahar, abin da ba ta saba ba.

Ka yanke. Amma ka kawo mini gangar jikin, kada ka jefar, da zanen. Alhaji Balarabe ya ɗaure kayansa, na roƙe shi ya ƙara mini Juma'a ɗaya. Ya ce ɗaya tak, don ayarinsu na jiransa a Kano. Ka taho.

Kakanka.

*

Dangora,
Disamba, 1956.

Zuwa ga jikana Ɗanasabe.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa lafiya, keken bai sake kayar maka da akwati ba. Sanyi ya shiga ƙirjina tun da ka tafi, amma Saude na dafa mini citta.

Wani da ya raka ayarin ya dawo jiya. Ya ce sun bar Kano, sun nufi Maiduguri, hoton kuma na cikin gafakar Alhaji, tsakanin alluna biyu na kwali yadda ka shirya. Na ce bari in sanar da kai, don ka taka keken nan tun daga Riruwai kana tsoron ka makara.

Mutanen unguwa har yanzu maganar suke yi. Ba su manta hoton farko da ka fitar ba, wanda na fito da baƙin gemu da farar fuska, Saude ta yi salati ta ce ka ɗauko aljanin da ke kaina. Ka yi ta bayani cewa sai an sake ɗaukar wannan kafin na gaskiya ya fito, ba ta saurara ba. Ita ce kuma ta tsaya a bayanka tana cewa, "Rufe bakin, Hamidu, haƙora biyu ba abin kaiwa Sudan ba ne." Shi ya sa na fito kamar mai shirin dariya. Na so a sake, yanzu kuwa na gode da ka ƙi.

Wanda ka bar mini yana jingine a bango. Ina dubansa da yawa. Ba ni nake gani ba, mahaifina nake gani a shekararsa ta ƙarshe, har yadda yake karkatar da wuya. Suwaiba ta san shi tana ƙarama, wataƙila ta haka za ta gane ni. Na ce wa Alhaji ya faɗa wa yaran abin da ke kan cinyata kyamara ce, ramin da ke gabanta kuma wurin ido ne, idon yana can ɗaya gefen yana kallon kakansu.

Abu ɗaya ke dawo mini. Gilashin nan ya kwana a ƙarƙashin gadonmu tun Luba tana amarya har aka fitar da ita, bai taɓa ganinta ba. Ita ke miƙo mini man ma ranar Juma'a. Na mayar da zanenta cikin akwatin, a gurbin babbar.

Juma'ar da ta wuce na jawo akwatin don sabo, na buɗe, na rasa abin da zan yi da hannuna. Na ba Saude ƙwaryar man. Da yamma miya ta zo tana ƙyalli, ta aiko a ce mini wannan ta babbar kyamara ce, gobe ta ƙaramar. Gidan ya yi shiru sosai bayanka. Kwana biyun nan da ka yi sun ɓata ni, har na fara jin motsin mutum a zaure in babu kowa.

In za ka rubuto, kada ka tsaya dogon gaisuwa. Ka faɗa mini wa idona ya gani a makon: sunansa, garinsu, kwat ɗin wa ya ara, wa zai aika wa. Ina so in sani.

Maganar gado kuma, ba sai ka jira ba. Ka ce idanun sauran biyun ma za su yi aiki in an wanke. Naka ne. Amma Idi ba zai ɗauko maka su ba. Sai ka zo da ƙafarka, kuma ɗaya-ɗaya zan ba ka.

Allah Ya tsare hanya.
Kakanka da ya ƙi tafiya,
Hamidu.